Man Aduwar Adda

Ku 'ya'yana, wannan babin ban so rubuta shi ba, gajiya ce ta sa ni. Na gaji da maganar nan da ke yawo a gidajen suna da wuraren zaman makoki daga Bodinga har Shagari, wai ubanku ya gano maganin dajin nono da hannunsa, amma da ciwon ya kama uwar da ta haife shi sai ya hana ta maganin, ya ɗauke ta ya kai aka yanka. Na san kun ji, kada ma wani ya yi mini musu, ina ganin yadda kuke yin tsit a mota in mun baro garin. Shekara da shekaru ina cewa a ƙyale su, baki nasu ne. To yanzu gashin kaina babu baƙi ko ɗaya, masu faɗin maganar kuma har sun koya wa jikokinsu. Zan faɗi yadda aka yi sau ɗaya, wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya ci gaba da sauraron waɗanda aka yi abin ba su nan.

Sai kun fara gane abu guda kafin sauran su shiga kanku. Ni ɗan fari ne wurin uwata. Ku da kuke faɗawa ɗakin uwarku ku haye gado kuna ce mata miyarta ta yi gishiri, ba ku san nauyin wannan ba. A gidanmu, da gidajen da ke kewaye da mu, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallon idonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye ni aka miƙa ni ga ƙanwarta, Inna Ige, da ke aure a Bodinga, can na tashi. Uwata tana Shagari, ban kuwa taɓa ce mata Inna ba, Adda nake ce mata kamar yadda na ji ƙannenta suna faɗi. In na je gaishe ta a bakin ƙofar ɗakinta nake tsugunawa, in yi gaisuwa daga nan, ta amsa a taƙaice tana kallon faifan da ke cinyarta. In za ta yi zancena sai ta ce mutumin Bodinga, da na sami aiki kuma na koma mutumin Sakkwato. Ba ƙiyayya ba ce, kada ku ɗauke ta haka. Kunya ce, mata suna alfahari da ita, Adda kuwa ko a cikin masu kunya ta yi suna, har da ita ake kwatance ana yi wa amare faɗa. Duk maganar da ta wuce gaisuwa tsakanina da ita, ta bakin Inna Ige take bi.

Lokacin mulkin farar hula ne, ɗan garinmu na kan kujerar ƙasa, kowa a Shagari yana tafiya kamar an yi masa alkawarin minista. Ni kuwa ina aiki a ɗakin bincike na jami'a a Sakkwato, ƙarƙashin wani farfesa ɗan Indiya, ina haɗawa da neman digiri na biyu. Farfesan ya zo da ƙwayoyin dajin nono daga waje, a daskare cikin wani tulun ƙarfe. Daga jikin wata mata da ba mu sani ba aka ciro asalinsu, ake ta rainon su a ɗakunan bincike na duniya. Rainon nan kuwa ya fi na jinjiri wuya. Suna zaune ne a 'yan faranta na gilashi, cikin wani ruwa ja-ja wanda shi ne abincinsu, a cikin akwatin da ke riƙe ɗumi daidai da na jikin mutum. Ruwan ya tsufa a sake musu, wuta ta ɗauke a ruga a tada janareta, ka yi atishawa kusa da su su ruɓe. Aikinmu shi ne mu ɗiga musu man itatuwa da tsirran ƙasarmu, na riɗi, na kaɗanya, na zogale, na dogon yaro, sannan mu duba a madubin ƙara girma mu ga ko sun ci gaba da hayayyafa ko sun tsaya. Ina son aikin nan, ba zan ɓoye muku ba. Har yau in na ji warin sinadarin wanke hannu na asibiti sai ɗakin ya dawo mini.

Man kasuwa bai yi mana amfani ba, don babu wanda ba a gauraya shi da man gyaɗa ba. Sai na tuna Adda tana fitar da man aduwa, irin wanda tsofaffi ke shafawa a gwiwa. Aiki ne mai cin rai: a tsinto aduwa, a jiƙa, a wanke, a shanya, a fasa ƙwallon da dutse ɗaya bayan ɗaya, a soya abin da ke ciki, a daka, sannan a matse. Na gaya wa Inna Ige ina so, ita ta gaya wa Adda. Ba a daɗe ba sai ga kwalba an wanke ta tas, an toshe bakinta da farin ƙyalle, man a ciki garau. Adda ba ta tambayi abin da za a yi da shi ba. Da muka gwada, cikin duk man da muka tara babu wanda ya kama ƙafarsa. Ƙwayoyin da ke manne a gindin faranti sun ƙanƙance, sun saki, sun taso saman ruwa a mace. Farfesa ya yi murna, ni ma na yi, amma daga ni har shi mun san wannan ƙofar gida ce kawai, tafiyar tana gaba. Ba mu gwada a kan lafiyayyun ƙwayoyi ba, ba mu gwada a kan ɓera ba, balle mutum. A faranti ko ruwan sabulu ka ɗiga musu mutuwa za su yi, ko gishiri, ko kananzir, ban kuwa taɓa jin wanda ya warke daga daji da shan kananzir ba.

Nan ne Kawu Modi ya shigo. Ƙanen Adda ne, tela, kekensa na kasuwar Bodinga, ranar kasuwar Shagari kuma ya ɗauki ɗinki ya tafi can. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma in ya ga kaza ta tsallaka titi da safe, kafin azahar ta zama jimina. Ya shigo Sakkwato sayen zare, ya ce bari ya ga inda ɗan 'yar'uwarsa ke aiki. Wasu suna cewa laifina ne da na nuna masa. To me zan yi? Kawuna ya taso takanas, in tsayar da shi a bakin ƙofa kamar mai tallan goro? Na sa masa farar riga, na zaunar da shi, na nuna masa faranti wanda ba a sa wa komai ba, ƙwayoyi sun cika shi maƙil. Na sake masa da wanda aka ɗiga wa man. Ya daɗe da ido a madubi, sannan ya ɗago.

"Wanga man Adda na?"

Na ce nata ne, amma a faranti ne kawai, jikin mutum daban.

"Na gani da idona, ɗana. Sun mace. To mi yar rage?"

Na yi masa bayanin sabulu, na yi masa na kananzir, na yi masa na ɓera. Yana ta gyaɗa kai yana murmushi, har na ɗauka ya gane. Da ya tashi tafiya sai ya dafa kafaɗata ya ce Allah sarki, kunya gado ce, ɗan Adda ba zai taɓa yabon kansa ba.

Wannan maganar ita ta ɗaure ni, ita ce kuma ba ku sani ba. Tun daga ranar duk abin da na faɗa kunya ce. Kafin wata ya zagayo, babu rumfar da labarin bai shiga ba daga Bodinga zuwa Shagari. In na sauka a tasha sai a taso ana miƙo mini hannu biyu, ana cewa ga likitan daji. In ce ni ba likita ba ne, a ce ka ji tarbiyya. In ce wallahi man nan ba magani ba ne, a ce haka uwarsa take, ko ta yi abin kirki ba ta so a faɗa. Na je rumfar Kawu Modi na yi magana da ƙarfi a gaban abokan hirarsa, wani dattijo mai sayar da huluna ya share ƙwalla ya ce rabon da ya ga ɗan boko mai tawali'u irin wannan har ya manta. Kamar in kama kaina in yi ta mari. Mata suka fara zuwa gidan Adda daga Sifawa, daga Lambara, daga Dandin Mahe, wasu a kan jaki, kowacce da 'yar kwalbarta. Adda ba ta karɓar komai, ba ta kuma cewa komai, sai dai ta zuba ta miƙa. Inna Ige ta ce mini tun da suke ba ta taɓa ganin yayarta da kuzari irin na lokacin ba, duk aduwar da ke dajin garin ta san hanyar gidan. Na roƙi Inna Ige ta ce mata ta daina, ta riƙa tura matan asibiti. Ta ce to, za ta faɗa.

Uwarku Luba ce ta gano sauran. Lokacin tana amarya, ta je Shagari ta yi 'yan kwanaki wurin surukarta. Da ta dawo na ga tana ta kewaye-kewaye, ta ɗauki wannan ta ajiye, ta share inda ta riga ta share. Na ce lafiya? Ta ce Adda ba ta ɗaga hannun hagu sosai. Na ce tsufa ne. Ta ce ɗakin Adda yana warin man aduwa, zanenta ma haka, ta wajen sama. Na ce ai sana'arta ke nan yanzu. Ita ma fa kunyar ce ta riƙe mata harshe, ba za ta iya ambaton wannan wurin a jikin surukarta ba, ni kuma ina zaune kamar gunki ban gane ba. Sai da ta fashe da kuka ta dafa ƙirjinta, sannan abin ya faɗo mini. Ashe Adda tana da ƙulli a nono tun kafin daminar da ta wuce. Da fari bai fi ƙwallon aduwar ba, yanzu ya kai ƙwan kaza, fatar wurin ta fara tattarewa. Inna Ige ta sani. Kawu Modi ya sani. Matan gidan duk sun sani, hankalinsu kuma kwance, tunda ga magani a gida.

Ban tsaya cin abinci ba na kama hanyar Bodinga. Na zaunar da Inna Ige na ce ta je ta gaya wa Adda, kalma da kalma, cewa man nan ba ya warkar da komai, abin da ke jikinta daji ne, in ba a cire shi da wuri ba zai kashe ta. Ta ce to. Ta je ta dawo, ta ce Adda ta ce ta gode, tana shafawa safe da yamma, har tana ɗiga kaɗan a kunu. Na ce me kika gaya mata? Sai da na matsa sannan ta faɗi. Wai ta ce mutumin Sakkwato yana gaisuwa, ya ce in an sami sarari wata rana a leƙa asibiti a ƙara da nasu maganin. Na miƙe tsaye, na ce Inna, haka na ce? Matar da ta goya ni, ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ita ma ta hasala.

"Kai, wace ƙanwa ka tsayawa gaban yayarta ta ce mata ɗanki na hwari ya ce ki ba da jikinki a yanka? Bakina bai ɗaukar wagga magana. In kai naka na ɗauka, ga hanya nan."

Ta san ba zan iya ba, shi ya sa ta faɗa. Na koma ta wata hanyar. Na sami wata nas, matar abokina, na roƙe ta ta je Shagari ta duba Adda ta yi mata bayani mace da mace. Ta je. Adda ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama mata fura da nono mai kyau, ta tambaye ta lafiyar iyayenta ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko kwance mayafi ba. Nas ta dawo mini da ƙwaryar fura da kwalbar man aduwa, wai tsaraba. Na je wurin Kawu Modi, tunda shi namiji ne kuma ɗan'uwanta, na ce ya sa baki. Ya tsayar da keke ya ce wane asibiti? Asibitin da yanzu ko auduga sai ka sayo da kanka? Ya lissafa mini matan da ya sani aka yanke musu, ya ce ina suke yau? Na ce sun je ne a makare, shi ya sa. Ya ce to ita ba ta makara ba, tana kan magani tun tuni. Ya ci gaba da taka kekensa. Abin haushin shi ne maganarsa ta asibiti gaskiya ce, ƙasa ta shiga tsuke bakin aljihu, sabulu da madara ma sai an yi layi. Da gaskiyar nan ya rufe mini baki a gaban mutane, ni kuwa ina ji ina gani watanni suna wucewa.

A wurin aiki ma abin ya zo wuya. An hana shigo da kaya, ruwan abincin ƙwayoyin ya kusa ƙarewa, muna auna shi kamar turare. Wuta ta koma baƙuwa, man janareta ya yi ɓatan dabo. Aka rage ma'aikata, abokin aikina ɗaya tilo ya tafi. Farfesa ya ga ba ya iya aika wa iyalinsa komai, ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar mini makullai da ƙwayoyin, ya ce in riƙe su da rai har abubuwa su gyaru, don in suka mutu babu hanyar samo wasu. Na zama ni ne mai bincike, ni ne mai shara, ni ne mai yawo da jarka daga gidan mai zuwa gidan mai. Ana cikin haka wani likitan tiyata da muka yi makaranta tare ya ce mini in ina son a yi aikin da kyau in kai ta Zariya, kuma in kai ta yanzu, ba bayan sallah ba. Ya ce in shirya zama na makonni, don komai ni zan riƙa nemowa. Ƙwayoyin nan ba sa jure kwanaki kaɗan ba a sake musu ruwa ba, babu kuma wanda zan bar wa. Ban yi dogon tunani ba, kada wani ya ce muku na yi ta juyi. Na sake musu ruwa, na rufe akwatin, na kulle ɗakin, na ari motar abokina.

Da hantsi na isa Shagari, na biya na ɗauko Inna Ige a hanya ba tare da na gaya mata abin da zan yi ba. Tsakar gida cike da mata, ana ta fasa aduwa, ƙarar duwatsu kamar maƙera. Na yi sallama, na cire takalma, na nufi ɗakin Adda. Kowa yana jiran in tsuguna a inda na saba. Na ɗaga labule na shiga. Ƙarar duwatsun ta tsaya cak. Tun da aka yaye ni ban taka cikin ɗakin nan ba, ban ma san gadonta na gefen dama ba ne. Tana zaune a tabarma tana tsince wake. Ta ga ƙafafuna, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango. Na zauna a ƙasa dab da ita, kusan da ban taɓa yi ba. Ina jin tsoro, amma haushi ya fi tsoron yawa.

"Adda, ni na. Yau babu aike, da bakina zan hwaɗi. Man ga ba ya magani. Ba kunya nika ji ba, ba tawali'u na ba, ban gano komi ba. Abin da ag ga nononki daji na. In ba a cire shi ba, kashe ki zai yi."

A waje na ji wata ta saki salati, wata ta ce ya faɗi sunan abin, a gaban uwarsa. Adda ba ta motsa ba. Na ce mota tana ƙofar gida, ba kuwa zan tashi daga nan ba sai ta shiga. Na zauna. Aka kira azahar, na yi taimama da bangon ɗakin na yi sallata a wurin, don na san in na fita alwala za a sa sakata. Inna Ige tana bakin ƙofa tana kuka tana cewa in fito don girman Allah, in tuna wace ce wannan. Ranar kasuwar Shagari ce, aka aika can aka kira Kawu Modi, ya zo yana huci, ya tsaya a tsakar gida yana cewa boko ya haukata ni, na tozarta uwata a gaban matan gari. Na gyara zama a inda nake. Ina kallon bayan Adda, wata 'yar tsohuwa ƙarama, kafaɗar hagu ta ɗan karkace, ina jin numfashinta. Ita ba ta yi sallar ba, don ba za ta iya tashi ta gitta ta gabana ba, na kuwa san wannan ya fi komai damunta. Da rana ta karkata sai ta yi magana, ba da ni ba.

"Ige, ki ce ma mutumin ga shi hita in sa tuhwahi."

Haka Adda ta shiga mota. Kada ku ce na rinjaye ta da hujja, babu hujjar da ta shiga. Zamana a ɗakinta ne ya fi ƙarfinta. Muna fita gari Kawu Modi ya riga ya samo bayanin da ya gamsar da shi: wai Turawa sun saye sirrin man, sun sa ni rantsuwa in ƙaryata shi, shi ya sa ɗan Indiyan ya gudu da takardu. Ga asalin labarin da kuke ji. Daga bakin mutum ɗaya ya fito, a kan keken ɗinki, ran da ransa ke ɓace.

A Zariya aka yi aikin. Likitan ya fito ya kira ni gefe, ya ce sun cire nonon duka, amma abin ya riga ya kai hammata, da lokacin da yake ƙarami aka zo da zancen daban ne. Na jingina da bango ina tuna kwalabe nawa aka shafe a watannin nan, ina jin kamar in kurma ihu. Inna Ige ce ke jinya a ciki, ni ina waje, ina yawon neman allura da ruwan ƙari da bandeji daga wannan kanti zuwa wancan, a baranda nake kwana. Kullum da safe in tsuguna a bakin ƙofar ɗakin mata in yi gaisuwa, nas-nas suna dariya suna cewa malam ai ana shiga. Adda ta daina amsawa gaba ɗaya, ko taƙaitacciyar amsar nan ta da na rasa, Inna Ige ce ke cewa ta ji. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau in na tuna sai na ji shi.

Da na dawo Sakkwato na buɗe akwatin, ruwan jan nan ya koma rawaya, ya yi kauri, wari ya buge ni. Ban ma sa a madubi ba. Na wanke faranten ɗaya bayan ɗaya na kife su. Ba a sake samo wasu ƙwayoyin ba, sojoji suka karɓi mulki, abubuwa suka ƙara tsanani, digirin ya tafi ke nan. Daga baya na koma koyar da kimiyya a sakandare, inda kuka taso kuka same ni. Kun sha tambayata me ya sa abokan karatuna duk farfesoshi ne ni ina fama da alli, to ga amsar. Ban kuma san ko akwai wani abu a man aduwa ba, watakila akwai, watakila babu. Na ji ana cewa yara a jami'o'i suna irin wannan binciken yanzu, Allah ya ba su sa'a, ya kuma raba su da kawu mai zuwa ziyara.

Adda ta samu sauƙi, ta koma gida, ta yi daminu biyu tana tafiya da ƙafarta, tana zuwa suna da biki. Babu wanda ya ce wuƙa ce ta ba ta wannan. Ta daina matsar mai, matan da ke zuwa kaɗan suka tafi asibiti, mafi yawa suka koma wurin wasu masu matsar. Da ciwon ya dawo ya kama ta a gadon baya, nan take aka tuna da wuƙa, aka ce ita ta watsa shi a jiki, da an bar ta da man ɗanta da tana nan garau. Ina shiga gari ana nuna ni da baki. Duk tsawon lokacin nan ban fasa zuwa gaisuwa ba, ita ma ba ta fasa yin shiru ba.

A cikin haka aka haife ka, Faruku. Ka fara zama ke nan muka kai ka Shagari, lokacin Adda ta kwanta, sai an tayar da ita. Uwarka ta shiga da kai, ni na tsuguna a bakin ƙofa, labule a ɗage saboda zafi. Kun san tsakanin kaka da jika babu kunya, sai wasa, jika namiji mijinta ne. Ta sa aka jingina ta, aka ɗora mata kai a cinya. Na ji tana tsokanar ka, tana cewa wane irin ango ne wannan ya zo hannu rabbana, ko goro babu, ga kai kamar ƙwarya. Rabona da jin dariyarta har na manta. Sai ta ɗan ɗaga murya, daidai yadda za ta kai ƙofa.

"Angona, tunda kai babu kunya tsakaninmu, in ba ka saƙo. Ka ce ma mutumin Sakkwato, na san man bai yi. Tun bai zaka ɗakina ba na sani, jikina ya hwaɗa min. Amma gari duk na cewa ɗana ya samo magani, in ni uwatai nit tahi asibiti da ƙahwata, mi za a ce ma aikinai? Ka ce mai, man don shi nish shahwa, wuƙar ma don shi nib bari anka sa min."

Ɗana ta ce. Ban san sanda na ɗago ba, na buɗe baki, abin faɗi ya cika mini ƙirji: wane suna, wane aiki, wa ya ce ta tsare mini suna da ranta? Inna Ige da ke zaune a dokin ƙofa ta galla mini harara, ta sa hannu ta tare hanya.

"Kai, ba da kai aka ba. Da mijinta taka magana."

Na rufe bakina, na koma na tsuguna inda nake. Gero na fitar da kai ta rasu, ban taɓa ba ta amsa ba.